Ina son karatun likitanci a jami'ar da ake rububinta, ta ina zan fara shiri?

Yar_Aji_Shida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka bi hanyar. Ina shekarar farko ta A-level, wato karatun shekara biyu na ƙarshen sakandare a tsarin Birtaniya, ina yin kemistiri, bayoloji da lissafi. Likitanci nake so, kuma gaskiya raina ya fi kwanciya da jami'ar Cambridge ko Oxford a Birtaniya. Malamaina sun ce in na ɗore a haka zan iya fita da A* (maki mafi girma) biyu ko uku. Abin da ke ɗaure min kai shi ne duk wanda na tambaya sai ya ce min "maki kaɗai ba ya isa". To in maki bai isa ba, me ke isa? Saura kusan shekara guda a rufe karɓar takardu. Me zan sa gaba yanzu, me zan bari sai daga baya?

Abu_Sadik:
Wa alaikumus salam. Allah ya cika miki buri. Ki riƙe karatu da addu'a, sauran mai sauƙi ne.

Likitan_Dare:
Amin ga addu'ar Abu_Sadik, sai dai sauran ba mai sauƙi ba ne, a nan ma yawanci ake zubar da mutane. Ƙanwata, fara gyara wannan tukuna: kin ce Cambridge ko Oxford, to ki sani "ko" ɗin nan dole ne. Ba a neman su biyun a shekara ɗaya, ɗaya za ki zaɓa. Takardar neman gurbi ta UCAS ake turawa, wato cibiyar da ke karɓar takardun neman shiga jami'o'in Birtaniya, kuma ga masu likitanci ana rufewa 15 ga Oktoba, watanni kafin sauran kwasa-kwasai. Gurbi biyar ne a takardar, amma huɗu kawai aka yarda ki sa likitanci, na biyar ɗin sai wani fanni daban ko ki bar shi fanko.

Abin da mutane ke nufi da maki ba ya isa shi ne wannan: kusan duk wanda ya nemi irin waɗannan jami'o'i yana da makin da kike da shi. A* ɗinki zai sa a buɗe takardarki a duba, iyakarsa ke nan. Daga nan sai jarrabawar shiga, sai intabiyu. Su ne ke raba ku.

Malam_Kemistiri:
Na yarda da Likita, amma ina tsoron yadda yara ke ɗaukar wannan maganar. Ina koyarwa, na ga ɗalibai da suka ji "maki ba ya isa" suka fassara shi da "maki ba komai ba ne". Sai ka ga yarinya ta cika makonta da ƙungiyoyi da tarurruka da aikin sa kai har uku, ga kemistiri na rubewa a ƙasa. Cambridge A*A*A take nema a al'ada, Oxford kuma A*AA, kuma kemistiri dole ne. Ko an ba ki gurbi bayan intabiyu, da sharaɗi ake bayarwa: in sakamako ya fito a watan Agusta kin gaza da harafi ɗaya, gurbin na iya tafiya. Kuma makin da malamai za su hasashe miki a takardar, daga aikinki na wannan shekarar za su ɗauko shi. Shekarar da kike ciki yanzu ita ce ake aunawa.

Kawu_Sule:
Ki nemi tsofaffin takardun jarrabawar shiga likitanci ta BMAT ki fara yi tun yanzu. Ɗan wana da ita ya shiga, ya ce ita ce ƙashin bayan komai.

Zee_Shekara3:
@Kawu_Sule Kawu an daina BMAT fa, ta 2023 ce ta ƙarshe. Yanzu Oxford da Cambridge duk jarrabawar UCAT suke amfani da ita, kamar yawancin makarantun likitanci na Birtaniya. Kada ta ɓata lokaci a kan wadda aka binne.

Yar_Aji_Shida, bari in ba ki labarin UCAT don ni ta fi ba ni wahala a kan komai. Ba ta tambayar bayoloji ko kemistiri ko kaɗan. A kwamfuta ake yi, ƙasa da awa biyu kaɗan. Akwai sashen karanta rubutu ka fitar da abin da ya faɗa, akwai na yanke shawara, akwai na lissafi, sannan na ƙarshe da ake ba ka wani hali a tambaye ka me ya dace a yi. Da akwai sashen zane-zane da siffofi, an cire shi daga 2025, don haka makin sassa ukun farko yanzu 2700 ne ƙololuwa, kowane daga 300 zuwa 900. Na ƙarshen kuma matakai ne, 1 zuwa 4, na 1 ya fi kyau, kuma akwai makarantun da ba sa kallon mai mataki na 4.

Tambayoyin ba su da wani zurfi, lokaci ne ke kashe mutum. Sashen karatu tambaya 44 ne a minti 22, wato rabin minti kowace. Ni da na saba karanta komai daga farko har ƙarshe kafin in amsa, sai da na koyi fara duba tambayar sannan in nemo wurin amsar a cikin rubutun. Kuma ba a rage maki don kuskure, saboda haka kar ki bar ko ɗaya babu amsa. In ta tsaya miki, ki zaɓi wani abu, ki sa mata alama, ki wuce.

Kawu_Sule:
To ai tsofaffin tambayoyin ba za su rasa amfani ba ko da an daina jarrabawar.

Zee_Shekara3:
Don motsa ƙwaƙwalwa kafin intabiyu, e, sashen kimiyyarsu zai yi amfani. Don UCAT kuwa a'a, tsarin ya bambanta.

Ibn_Adamu:
Ni tambayata daban ce, kada a ji haushi. Me ya sa sai Oxford ko Cambridge? Mara lafiya ba ya tambayar inda ka yi digiri kafin ya miƙo hannu a sa masa ruwa. Duk wanda ya gama a makarantar da hukumar likitocin Birtaniya, GMC, ta amince da ita rajista ɗaya ake yi masa. Har rabon wuraren aikin shekaru biyun farko bayan kammalawa, tun 2024 ba a bin makin makaranta, kwamfuta ce ke jera mutane sannan a bi zaɓinsu. To wahalar ta mece ce? Ina ganin yawancinmu suna muke bi.

Yar_Aji_Shida:
@Ibn_Adamu ba zan ce sunan ba ya burge ni ba Yaya. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda na ji ana koyarwa, ɗalibi biyu ko uku a gaban malami ɗaya ana tattauna abu har sai ya zauna. Ni haka nake gane karatu.

Likitan_Dare:
Wannan amsa ce mai kyau, ki riƙe ta, don za a iya yi miki tambayar a intabiyu. Amma ki san ɗaya gefen. Karatun shekara shida ne a can, kuma ukun farko kusan duk kimiyya ce zalla: anatomi, yadda gaɓoɓi ke aiki, yadda magani ke aiki a jiki, rubuce-rubuce kowane mako. Shiga ɗakin marasa lafiya sosai sai a shekara ta huɗu. Wasu makarantun tun shekarar farko suke haɗa ɗalibi da marasa lafiya. Na san waɗanda tsarin farko ya yi musu daidai, na kuma san wadda ta kusa ajiye karatun a shekara ta biyu don ta ce ita ba ta zo zama masaniyar ƙwayar halitta ba. Ibn_Adamu na da gaskiya ta wani ɓangaren: kada guraben nan huɗu duk su zama na rububi. Sakamakon UCAT a ranar ake ba ki shi, tun kafin 15 ga Oktoba. Ki zauna da makin a hannu, ki duba yadda kowace makaranta ke tantancewa, wata UCAT take fifitawa, wata sakamakon GCSE, jarrabawar da ake yi kafin A-level, sannan ki zaɓa. Mutane da yawa masu ƙoƙari sun tashi babu ko kira ɗaya saboda sun zaɓa da zuciya kawai.

Hajiya_Nas:
Bari in sa baki a kan abin da ba a taɓo sosai ba, wato zuwa ganin aiki. Yara na zuwa wurinmu su ce suna son su bi likita na mako guda don su rubuta a takarda. Sai su tsaya jikin bango da littafi a hannu, in an tashi su ce a sa musu hannu. Wallahi ba abin da suka gani.

Akwai wata yarinya da ta yi aikin sa kai a gidan kula da tsofaffi inda na taɓa aiki, kowace Asabar na tsawon watanni. Aka ba ta wani dattijo da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, ta riƙa ba shi abinci. Na koya mata ta zaunar da shi sosai, ta kai cokali ta gefen bakin da ke da lafiya, kaɗan-kaɗan, ta kalli maƙogwaronsa har sai ta ga ya haɗiye kafin ta ɗebo wani, don in ya shaƙe abin na iya gangarawa huhu. Abincin da ni zan gama bayarwa a minti goma, ita sai ta kai rabin awa. Wata rana ya kawar da kai ya ƙi maganinsa. Ta zo min a ruɗe, ta ce ko a murƙushe a zuba masa cikin abinci bai sani ba. Na ce mata a'a, mutumin nan da hankalinsa, ki je ki tambaye shi dalili. Ashe ƙwayar ce ta yi masa girma, tsoron shaƙewa yake. Muka faɗa wa likita, aka canza masa da na ruwa.

Yarinyar nan ba ta taɓa shiga ɗakin tiyata ba, amma tana da abin faɗa in aka tambaye ta me ta koya game da mara lafiya. 'Yata, irin wannan ki nema. Kuma ki riƙa rubuta abin da kika lura da shi a ranar, ba tare da sunan kowa ba, don bayan wata shida za ki manta.

Zee_Shekara3:
Anti Hajiya kin gama magana. Wannan labarin ma ai shi ne tambayar ɗa'ar aikin likita da ake yawan yi: 'yancin mara lafiya ya ƙi magani, da son yi masa alheri, da guje wa cutar da shi, da adalci tsakanin marasa lafiya. Yara na haddace guda huɗun su zo su zuba kamar karatun allo, masu intabiyu kuwa sun ji shi sau ɗari a ranar.

Maman_Yan_Biyu:
Ku yi haƙuri in ɗan karkatar da zancen. Ɗana WAEC zai rubuta bana, shi ma likitanci yake so. Duk wannan bayanin ya shafe shi ko nasa daban ne?

Malam_Kemistiri:
Hajiya ya danganta da inda zai nema. In Birtaniya ce, yawancin makarantun likitanci ba sa ɗauka da WAEC kaɗai, sai ya ƙara da A-level ko IB, wata takardar kammala sakandare ta ƙasa da ƙasa, wasu kuma suna da shekarar share fage. Sannan guraben 'yan ƙasar waje ƙalilan ne, gwamnati ta taƙaita su a wajen kashi 7.5 cikin ɗari, don haka gasar tasu ta fi zafi. Ki kuma duba shekarunsa, da yawa suna so ɗalibi ya cika 18 a farkon karatu. In a Najeriya ne, JAMB ce: Turanci, bayoloji, kemistiri da fizis, maki 400, sannan tantancewar jami'ar kanta. Kowace makaranta akwai adadin da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ta yarje mata ta ɗauka, shi ya sa za ki ga yaro da maki mai kyau an tura shi wani kwas.

Dan_Boko_Zalla:
Ƙarin bayani ga Maman_Yan_Biyu, ko ina zai je a fara duba sunan makarantar a kundin makarantun likitanci na duniya da ke intanet, a kuma tabbatar hukumar likitocin ƙasar da yake son yin aiki ta amince da ita. Akwai waɗanda suka gama shekara shida sannan suka gano takardar ba ta karɓuwa inda suke so.

Kuma ku da kuke kuka da UCAT ku gode wa Allah. A Amurka sai ka gama digirin farko tukuna, sannan ka rubuta jarrabawar shiga likitanci ta MCAT, zaman kusan awa bakwai da rabi, maki daga 472 zuwa 528, sannan shekara huɗu na likitancin. A Indiya fiye da mutum miliyan biyu ke zama jarrabawar NEET a shekara, maki 720, kuma duk amsar da ka kuskure sai an cire maka ɗaya. Faransa kuma bari suke ka shiga shekarar farko, a ƙarshenta a tace.

Ibn_Adamu:
Ka ga abin da nake faɗa. Ko'ina wahala ce, to me zai sa mutum ya ƙara wa kansa da neman wadda ta fi kowace tsauri?

Ummu_Khalil:
Haba Ibn_Adamu, yarinya ta ce tana so kuma tana da ƙoƙarin, a bar ta ta gwada mana. Gurbi ɗaya ne cikin huɗu. Ni abin da zan tambaye ta shi ne: ke kike so ko a gida ake so? Na yi shekara biyu ina karatun da mahaifina ya zaɓa min kafin na samu ƙarfin halin canzawa, kuma ba na yi wa kowa fatan haka. Likitanci ba a yin sa don faranta wa wani.

Yar_Aji_Shida:
Ni nake so Anti. Babana ma injiniya ya so in yi.

Tsohon_Dalibi:
Na makara, amma bari in yi magana a kan intabiyu tunda na zauna iri biyu.

Na farko shi ne wanda ake kira MMI, wanda jami'ar McMaster ta Kanada ta ɓullo da shi a farkon shekarun 2000, yanzu makarantu da yawa sun ɗauka. Ɗakuna ne a jere, kowane da nasa mai tantancewa. Za ki tsaya a bakin ƙofa ki karanta 'yar takarda, a buga ƙararrawa ki shiga, bayan 'yan mintuna a sake bugawa ki fita ko kin gama ko ba ki gama ba. A wani ɗakin na tarar da ɗan wasa zaune yana taka rawar maƙwabcin da zan faɗa wa na buge masa kyanwa da mota. Mutumin ya fashe da kuka na gaske, ni kuwa duk jawabin da na shirya ya gudu. Na yi shiru na ɗan lokaci, na ba shi haƙuri, na bar shi ya yi magana. Daga baya na fahimci abin da ake dubawa ke nan, ko za ka iya zama da mutum cikin damuwarsa ba ka cika shi da surutu ba. Daɗin tsarin shi ne in kin ɓata ɗaki ɗaya, na gaba bai san an yi ba.

Na biyu irin na Oxford da Cambridge ne, a watan Disamba ake yi, kuma ya fi kama da darasi. Malamai biyu, su miƙo miki zane ko jadawali da ba ki taɓa gani ba su ce me kika gani. A wata makarantar an tambaye ni me ya sa bugun zuciya ke ƙaruwa in mutum na gudu. Na amsa da abin da ke littafi. Sai aka ce to, wanda aka yi wa dashen zuciya fa, da aka yanke jijiyoyin da ke kai mata saƙo, tasa za ta ƙaru? Ban sani ba. Na fara tunani a fili, na ce in ba jijiya to sai dai ta jini, na tuno adirenalin, na ce ke nan za ta ƙaru amma a hankali, kuma za ta daɗe kafin ta sauka. Malamar ta gyaɗa kai ta ƙaro wata. Da gangan suke kai ki inda saninki ya ƙare don su ga me za ki yi a wurin. Wanda ya yi shiru yana jiran amsa ta faɗo masa, ko wanda ya kafe a kan kuskure bayan an nuna masa hanya, shi ke shan wahala.

Shirin wannan ba a daren intabiyu ake yi ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki samu wani ki riƙa yi masa bayanin abin da kika karanta da baki, yana ce miki "me ya sa?" har sai kin ƙure. Ko ƙaninki ne zai iya.

Malam_Kemistiri:
Wannan tambayar ta dashen zuciya zan sace ta in kai aji gobe.

Hajiya_Nas:
Kuma ta koyi cewa "ban sani ba" ba tare da ta rikice ba. Likitan da ba ya iya faɗin haka shi muke tsoro a ɗakin marasa lafiya.

Dan_Boko_Zalla:
Ba wanda ya yi maganar takardar bayanin kai da ake haɗawa da takardar UCAS. An canza tsarinta ga masu shiga daga 2026, yanzu tambayoyi uku ne ake amsawa: me ya sa kike son kwas ɗin, yaya karatunki ya shirya ki, sannan me kika yi a wajen aji. Haruffa 4000 ne duka. Shawarata kar ki rubuta littafin da ba ki karanta ba ko abin da ba ki yi ba, don suna iya ɗauko layi ɗaya su ce ki yi bayani. Kuma don Allah a bar "tun ina ƙarama nake son taimakon mutane".

Ummu_Khalil:
To in gaskiya ne tun tana ƙarama take so fa?

Dan_Boko_Zalla:
Sai ta faɗi abin da ta yi a kai. Kowa ma yana so.

Yar_Aji_Shida:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Abin da na tsara: karatun aji shi ne gaba har jarrabawar ƙarshen shekara, zan nemi gidan kula da tsofaffi ko wani wuri makamancinsa na ranar Asabar kamar yadda Anti Hajiya ta ce, kuma ba zan tsayar da makarantu huɗun ba sai na ga makin UCAT. Saura abu ɗaya: yaushe zan fara shirin UCAT ɗin? Wata ƙawata ta ce tun yanzu, har ta biya kuɗin wani kwas.

Zee_Shekara3:
Tun yanzu ya yi wuri, za ki gaji ki ƙone kafin lokaci. Tsakanin Yuli da Satumba ake rubutawa, sau ɗaya kawai a shekara. Mako shida zuwa takwas na aiki kullum ya ishi yawancin mutane. Ki fara da tambayoyin kyauta da ke shafin masu jarrabawar, ki ajiye cikakkun gwaje-gwajensu sai kusa da ranar. Kuma ki yi a kwamfuta da agogo, har ki saba da ƙaramar na'urar lissafin da ke kan allon, don tana cin lokaci.

Likitan_Dare:
Ban yarda da Zee gaba ɗaya ba. Mako takwas ya isa ga wanda ya riga ya iya karatu da sauri. Wanda Turanci ba shi ne harshensa na farko ba, ko wanda bai saba karanta dogon rubutu ba, ba zai gyara wannan a wata biyu ba. Ba na cewa ta fara tambayoyin UCAT yanzu, amma ta fara karanta muƙala ɗaya mai nauyi kullum tana taƙaita ta a layi biyu, da lissafin kashi cikin ɗari da ka. Kwas na kuɗi kuwa ba dole ba ne.

Zee_Shekara3:
Wannan ai ba shirin UCAT ba ne Likita, karatu ne kawai.

Likitan_Dare:
Ki kira shi duk abin da kika ga dama, in dai za ta yi. Yar_Aji_Shida, in an buɗe rajista ki kama rana da wuri, kuma kar ki zaɓi makon ƙarshe na Satumba, lokacin an koma makaranta ga takardar UCAS na jiranki.

Maman_Yan_Biyu:
Malam_Kemistiri, shekarar share fagen da ka ambata, duk makarantu ne ke karɓarta ko sai wadda ta shirya ta? Ina so in sani kafin mu yi magana da babansa.